Kwatancen da Ba Ya Ɓatar da Baƙo

Ka shigar da lambobi goma na asusun banki a wayarka, ka zaɓi sunan bankin, kafin ka ɗaga ido sunan mai asusun ya fito. Ka duba ka ga lalle shi ne mutumin da ka sayi buhun masara a hannunsa, sai ka tura kuɗin hankalinka kwance. A cikin wannan ƙiftawa da bismillah, aike aka yi aka dawo. Manhajar da ke wayarka ba ta san sunan kowa ba. Wata kwamfuta ta je ta tambaya a wani wuri mai nisa, kuma ba tambayar barkatai ta yi ba. Akwai tagar da aka ware domin irin wannan tambaya, tagar kuma tana da adireshinta.

Kamfanin Paystack na Legas, mai hada-hadar biyan kuɗi ta intanet, yana da irin wannan taga ga masu gina manhaja. Adireshinta shi ne api.paystack.co/bank/resolve, sai alamar tambaya, sai wurin sa lambar asusu da lambar banki. Masu wannan sana'a suna kiran jerin irin waɗannan tagogi da suna API, wato hanyar da manhaja ke bi ta yi magana da 'yar'uwarta ba tare da mutum ya shiga tsakani ba. Shafin intanet domin idon mutum ake ƙawata shi. Ita API ba ta da hoto, ba ta da launi. Fuskarta ke nan, adireshin nan, sai amsar da take mayarwa.

Wani ne ya zauna ya raɗa wa kowace taga suna. Aikin wannan mutumin ne ya daɗe yana burge ni, domin aiki ne da ba a ganinsa idan ya yi kyau. Sai ya lalace ake sanin akwai shi.

Mu Hausawa mun san darajar mai iya kwatance. Akwai wanda za ka tambaye shi gidan wane, ya fara maka da bishiyar da ke ƙofar gidan, ya koma kan kwalbati, ya tuna da wani mai shayi da ya tashi bara, ya bar ka a tsaye ba ka san gabas ba. Akwai kuma wanda zai ce maka unguwa kaza, layi kaza, gida na uku a hannun dama. Ya ɗauko ka daga babba ya sauke ka a ƙarami, kowace kalma ta rage maka faɗin wurin da za ka nema. Tsara adireshin API kwatance ne irin na biyun, sai dai ana yi wa baƙon da ba za a taɓa haɗuwa da shi ba, wanda ba zai samu damar cewa "maimaita mini" ba.

Mafi kyawun misalin da na sani shi ne na GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu tun 2008. Can ne Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux a 1991, yake da kwafin wannan gagarumin aiki. Idan manhaja tana son bayani a kansa, ga inda za ta je: api.github.com/repos/torvalds/linux. Karanta shi daga hagu zuwa dama. Rumbunan ajiya, a cikinsu na Torvalds, a cikin nasa wanda ake kira Linux. Kana son tarihin gyare-gyaren da aka yi? Ƙara commits a ƙarshe. Rassan aikin? Ƙara branches. Shi mutumin kansa kake nema? Yana users/torvalds, rumbunansa duka kuma suna users/torvalds/repos. Ranar da na fara lura da wannan tsari, na rufe littafin bayanin GitHub na riƙa cankar adireshi ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa a burauza, suna buɗewa. Ji na yi kamar na shiga garin da ban taɓa zuwa ba amma ƙafata ta san hanya. Wanda ya tsara su ya yi tunanin abin da baƙo zai zata, ya ajiye kowane abu a daidai wurin da za a neme shi.

Sirrin farko na wannan gwaninta darasin nahawu ne da muka koya tun a firamare: bambancin suna da aikatau. Gwani yana sa suna a cikin adireshi, ya bar aikatau a waje. Dalili kuwa, ƙa'idar HTTP da duk intanet ke tafiya a kanta ta riga ta tanadi aikatau nata. GET na nufin ɗauko mini in gani. POST, ga sabo na kawo. PUT, sa wannan a madadin wancan. DELETE, goge. Daga baya, a 2010, aka ƙara PATCH a hukumance domin gyaran wani sashe kaɗai.

A ce wata makaranta ce ke son manhajojinta su riƙa magana da juna. Mai gaggawa zai buɗe taga ya kira ta /samoDalibi, gobe ya buɗe /gogeDalibi, jibi abokin aikinsa ya zo ya ƙara /sabunta_dalibi2 saboda bai san abin da ya samu ta farkon ba. Kafin shekara ta zagayo, babu mai iya riƙe su a ka. Gwani kuwa zai ce akwai abu guda, ɗalibai, adireshinsu /dalibai. Ɗalibi mai lamba 417 yana /dalibai/417. In ka je wurin da GET ka ga bayanansa, in ka je da PATCH ka gyara, in ka je da DELETE ka cire shi. Lissafin a fili yake. Makarantar da ke da abubuwa iri ashirin, kowanne da ayyuka biyar, a tsarin farko sai baƙo ya haddace sunaye ɗari. A na biyu sunaye ashirin ne, da aikatau biyar waɗanda ya riga ya sani tun kafin ya zo.

Wani zai ce ai wannan ado ne kawai. Abin da ya faru a watan Mayun 2005 ya nuna ya wuce ado. A lokacin Google ya fito da wata manhaja mai suna Google Web Accelerator, wadda aikinta shi ne sa shafuka su riƙa buɗewa da sauri. Dabararta ita ce, da ka buɗe shafi sai ta riga ka bin mahaɗan da ke cikinsa ta ɗauko su ta ajiye, ko da za ka latsa. Ta dogara ne da alkawarin da ke cikin ƙa'idar HTTP cewa GET kallo ne kawai, ba ya taɓa komai. To amma akwai shafuka da yawa da suka sa aikin gogewa a bayan mahaɗi na GET. Masu amfani da Backpack, wata manhajar ajiye bayanai ta kamfanin 37signals, sai suka ga abubuwansu suna ɓacewa alhali ba su latsa komai ba. Manhajar Google ce ta bi kowane mahaɗi, har da na gogewa, ba ta kuma tsaya kan tambayar nan ta "ka tabbata?" ba. Duk wanda ya sa aikatau mai ɓarna a cikin adireshin da ake zuwa da GET ya haƙa rami a tsakiyar hanya ya rufe da tabarma. Intanet cike take da na'urori masu yawo suna leƙa kowane adireshi, kuma dukkansu sun yarda da wannan alkawari.

Asalin wannan tunani ana jingina shi ga Roy Fielding, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar HTTP/1.1. A kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, a shekarar 2000, ya bayyana tsarin da ya kira REST, inda kowane abu yake da adireshinsa, ana kuma mu'amala da dukkan abubuwa ta hanya iri ɗaya. Gaskiya ta sa in faɗa cewa shi Fielding bai ɗora muhimmanci kan kyawun adireshi kamar yadda mabiyansa suka yi ba. A 2008 ya fito ya koka cewa ana liƙa sunan REST a kan abubuwan da ba su cika sharaɗinsa ba. A ganinsa, bai kamata manhaja ta haddace fasalin adireshi ba. Kamata ya yi amsar da ta samu ta ƙunshi mahaɗan da za su kai ta mataki na gaba, kamar yadda mutum ke bin shafi zuwa shafi. Ta fuskar na'ura yana da gaskiya, domin kwamfuta ba ruwanta ko adireshi /dalibai/417 ne ko tarkacen haruffa. Amma ba na'ura kaɗai ke karanta adireshi ba. Akwai matashiyar da aka ɗauka aiki makon jiya tana ƙoƙarin gane inda aka dosa. Akwai injiniyan da aka tasa ƙarfe biyun dare saboda kuɗin mutane sun maƙale, yana bin kundin da uwar garke ke rubuta duk buƙatar da ta shigo, layi dubu bayan dubu. A wannan daren, adireshin da ke faɗin abin da yake da bakinsa ya fi masa komai.

Bayan suna, sai sanin inda za a tsaya. Jera abu cikin abu yana da daɗi, har yakan ja mutum ya wuce gona da iri. Ka ga an rubuta /jihohi/5/kananan-hukumomi/12/makarantu/88/azuzuwa/3/dalibai/417. Kallon farko kamar tsari ne. Amma ranar da yaron ya ci jarrabawa ya koma aji huɗu, adireshinsa ya mutu, duk manhajar da ta ajiye shi ta ɓata. Shi ya sa gwani yake tambayar kansa: wannan abu zai iya tsayuwa da ƙafarsa, ko kuwa rayuwarsa a jikin wani take? Ɗalibi mutum ne mai zaman kansa, a ba shi adireshi gajere. In ana son 'yan aji uku, sai a ce /azuzuwa/3/dalibai, hawa biyu ya wadatar. Abin da kuma ba wuri ba ne, tacewa ce ko jerantawa, wurinsa bayan alamar tambaya. A GitHub, koke-koken da aka shigar kan wani aiki suna ƙarƙashin issues. In waɗanda aka rufe kake so sai ka ƙara ?state=closed. Rumfar ba ta canja ba, ka dai gaya wa mai rumfa irin kayan da zai ɗebo maka.

Ɗebowar ma da ilminta. Ba a juye wa mai tambaya buhu gaba ɗaya. GitHub yakan ba da talatin a kowane shafi, in ka roƙa ya kai maka har ɗari. Sai dai ƙidayar shafi tana da rauni a inda sababbin abubuwa ke ta shigowa: kana shafi na ɗaya wasu suka shigo sama, ka je na biyu ka sake cin karo da waɗanda ka riga ka gani. Kamfanin Stripe na Amurka, mai hada-hadar biyan kuɗi, ya bi wata hanya. Maimakon ka ce shafi na biyu, sai ka ba da lambar abu na ƙarshe da ka gani ta starting_after, a ci gaba maka daga nan. A harkar kuɗi, inda ƙirga ciniki ɗaya sau biyu masifa ce, wannan ƙaramar dabara ba ƙaramin abu ba ce.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a wurin ƙwararrun shi ne ba sa bauta wa ƙa'idar. Akwai ayyukan da in ka matsa sai ka mai da su suna, sai maganar ta zama gwari-gwari. Soke biyan kuɗi ba gogewa ba ne, domin dole tarihinsa ya zauna. Stripe bai wahalar da kansa ba: adireshin biyan, sai cancel a ƙarshe, kuma da POST ake zuwa, yadda babu na'urar yawon da za ta taka shi bisa kuskure. Haka batun tilo da jam'i, wanda masu sana'ar suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Stripe jam'i yake amfani da shi, customers da charges. Paystack kuwa tilo ya zaɓa, transaction da customer, har da aikatau a fili kamar initialize da verify. Stripe ya sayi Paystack a 2020, kowanne kuma ya ci gaba da salonsa, masu gina manhaja suna aiki da duka biyun ba tare da kuka ba. Abin da baƙo ba ya yafewa shi ne a ce masa jam'i a wannan layi, tilo a na gaba, babban baƙi a can, ƙaramin baƙi a nan. Sashen adireshi da ke bayan sunan gidan yana iya bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka /Dalibai da /dalibai suna iya zama wurare biyu daban. Mai tsari yakan zaɓi ƙananan baƙaƙe ya zauna a kansu.

Sai lambar da ke ƙarshen adireshi, wadda ake ganin kamar ba ta da wani zance. Stripe yana fara lambar kowane abu da 'yan haruffan da ke nuna jinsinsa: ta abokin ciniki da cus_, ta cajin kuɗi da ch_, ta takardar neman biya da in_. Duk inda aka tsinci lambar, ko a saƙon wani mai ƙorafi, an san daga gidan da ta fito. Suna linzami, in ji Hausawa. Sauran haruffan kuma a hargitse suke, ba a iya cankar na maƙwabci.

Amfanin wannan hargitsi ya fito fili a watan Mayun 2019, lokacin da ɗan jarida Brian Krebs ya ba da labarin kamfanin inshorar gidaje na First American a Amurka. Takardun abokan hulɗarsa kimanin miliyan 885, har da bayanan asusun banki, suna zaune a adireshi masu lambobi a jere, kuma ba a tambayar mai zuwa ko shi wane ne. Wanda aka aiko wa mahaɗin takardarsa, in ya canja lamba ɗaya, sai ta wani ta buɗe. Lamba a jere ta sauƙaƙa ɓarnar, amma tushen laifin rashin mai gadi ne. Ƙungiyar OWASP, mai bibiyar tsaron manhajoji, ta sa irin wannan rauni a matsayi na ɗaya a jerin haɗurran API da ta fitar a 2019, ta sake sa shi a nan a 2023. Gwani ya san adireshi kwatance ne, ba kwaɗo ba. Komai wuyar cankarsa, sai an tsaya a ƙofa an tambayi mai shigowa ko kayan nasa ne. Saboda wannan dalili ne kuma ba ya yarda mabuɗin sirri ya shiga cikin adireshi, domin adireshi yana kwana a tarihin burauza, yana kwana a kundin uwar garke, ana kwafe shi a tura wa aboki. Mabuɗi a goshin saƙo ake sa shi, wato bayanan da ke rakiyar buƙata a wajen adireshi, inda ba a cika rubuta shi a kundi ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu masu ƙ da ɗ da ɓ. Ƙa'idar da ta fayyace fasalin adireshi, RFC 3986 ta watan Janairun 2005, wadda Tim Berners-Lee da Fielding da Larry Masinter suka rubuta, ta amince ne da baƙaƙen Ingilishi marasa lanƙwasa, da lambobi, da 'yan alamomi kaɗan. Duk harafin da ba ya ciki sai an juya shi zuwa lambobi masu alamar kashi cikin ɗari. Ƙaramin ƙ yakan koma %C6%99, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93. Wanda ya taɓa kwafo mahaɗin wani shafi na Wikipedia ta Hausa mai irin waɗannan baƙaƙe ya liƙa a WhatsApp, mai yiwuwa ya ga yadda kalma ɗaya ke zama doguwar igiya. Shi ya sa a misalaina na sama na rubuta dalibai ba lanƙwasa, ko da yake raina bai so ba. Kuma cire lanƙwasar ba ƙaramar asara ba ce a harshen da kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, haka bari da ɓari. Shawarar da na gamsu da ita ita ce a bar sunayen tagogi, waɗanda ba su da yawa kuma mai tsarawa ne ke zaɓarsu, cikin baƙaƙe marasa lanƙwasa, a kauce wa kalmomin da za su rikice. Amma sunan mutum ko na gari kada a mai da shi adireshi. A ba shi lamba, sunan kuma ya zauna a cikin amsa da cikakkiyar lanƙwasarsa, yadda Ɗanladi zai ga sunansa kamar yadda aka raɗa masa.

Duk waɗannan ana iya koyonsu cikin 'yan makonni. Wanda ke ɗaukar shekaru shi ne riƙon alkawari. Ranar da ka buɗe taga ga jama'a, wasu za su gina sana'arsu a kanta. Za su rubuta adireshinka a cikin manhajar da za ta shiga wayoyi dubbai, wasu wayoyin ba za a sake sabunta su ba har su mutu. In ka tashi wata rana ka ga sunan bai yi maka ba ka canja, ba ka san shagunan da ka rufe ba. A 1998 Berners-Lee ya rubuta ɗan gajeren bayani kan wannan batu kaɗai, inda ya nuna adireshi ba ya canja kansa, mutane ne ke canja shi, ya kuma ba da shawara kada a sa a cikinsa duk abin da zai iya sauyawa: sunan wanda ke riƙe da aikin, ko sashen da ke kula da shi, ko irin na'urar da aka yi amfani da ita. Adireshin da ya ƙare da .php ya ɗaure kansa da yaren da aka rubuta manhajar da shi, ranar da aka sauya yare sai a rasa yadda za a yi da wutsiyar. Tun ran gini, tun ran zane.

To amma manhaja ba ta zama wuri ɗaya, dole a yi gyara. A nan kowane gida da dabararsa. Da yawa suna sa lambar siga a farkon adireshi, v1, in canji mai karya tsohon tsari ya zo su buɗe v2 a gefe su bar tsohuwar tana aiki. Stripe ya shekara fiye da goma a kan v1, yana bambanta sauye-sauyensa da kwanan wata da ake sawa a goshin saƙo, kowane abokin hulɗa kuma yana zaune a kan sigar da ya fara da ita har sai ya ga damar matsawa. GitHub ma ya koma irin wannan, sigarsa ta farko mai kwanan wata ita ce 2022-11-28. In kuwa mutum ya sauya sunan rumbunsa a GitHub, tsohon adireshin ba ya mutuwa. Yakan mayar da amsa mai lamba 301, ma'ana an tashi, ga sabon wuri, kamar maƙwabcin kirki da zai ce maka ai sun koma unguwa kaza, bi nan. HTTP har ta bambanta 404, ba a samu ba, da 410, da can akwai amma an cire shi ke nan, domin mai nema ya san ko ya dawo gobe ko ya haƙura.

Kamfanin Twilio, wanda manhajoji ke bi ta wurinsa su aika saƙon tes, shi a cikin adireshin ya rubuta kwanan watan. Har yau mai aika saƙo ta babbar tagarsa yana farawa ne da 2010-04-01. Yaron da aka haifa a wannan rana ya isa shiga babbar sakandare, tagar tana nan inda aka bar ta.

Shi kansa shafin farko na yanar gizo, wanda Berners-Lee ya ɗora a cibiyar binciken CERN da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa, ya taɓa barin mazauninsa na wasu shekaru. A watan Afrilun 2013, shekara ashirin cif bayan cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, ma'aikatanta suka ɗauko wani tsohon kwafi na 1992 suka mayar da shi adireshinsa na asali, info.cern.ch/hypertext/WWW/TheProject.html. Mahaɗan da mutane suka rubuta zuwa gare shi tun farkon shekarun 1990 suka sake buɗewa.